Zauren Masu Keke: Mitata Tana Nuna Gudun 99 Alhali Ina Tsaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a Anguwar Rogo a nan Jos. Bara likita ya ce ina da ciwon suga, ya umarce ni da motsa jiki, sai na kakkaɓe tsohon kekena. Ɗana ya sayo mini mitar keke marar waya, irin mai arahar nan, don in riƙa sanin nisan da nake yi. Kullum bayan sallar asuba nakan bi hanyar Bauchi, in zaga ta Farin Gada in dawo gida, hanya ɗaya ce ba na canjawa. Amma yau mita ta ce kilomita 9, gobe ta ce 13, jibi ta ce 4. Ran nan ina tsaye ina gaisawa da wani a gindin taransifoma, na duba na ga 99.9. Wani lokaci kuma ina cikin tafiya sai ta koma sifili. Ina rubuta lissafin a littafi don in nuna wa likita, yanzu kuwa ban san abin da zan nuna masa ba. In jefar da ita ne, ko tana gyaruwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wannan motsa jiki ya zama magani. Kada ka jefar da ita tukuna. Littafin nan da kake rubutawa shi ya sa na ajiye sauran wasiƙu na fara da taka, domin mutumin da ke tashi cikin sanyin Jos ya hau keke saboda lafiyarsa bai kamata wata 'yar na'ura ta karya masa gwiwa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace lamba da ka gani tana da dalili, kuma idan ka san yadda abin yake aiki, kai da kanka za ka gano inda ciwon yake. Mitar nan gida uku ce. Akwai maganaɗisun da aka ɗaura a sifokin wili. Akwai 'yar na'urar da ke maƙale a jikin fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, mu a shago ɗan aike muke kiranta. Sai uwar mita da ke kan keke, mai fuskar da kake dubawa. A cikin ɗan aike akwai wata 'yar kwalbar gilashi, tsawonta bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da wasu siraran harsunan ƙarfe guda biyu a ciki. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta, harsunan sai su haɗu. Ka ɗaga tayar gaba a wuri marar hayaniya ka juya ta a hankali, ka kai kunnenka kusa, za ka ji wani ɗan ƙas. Da ya yi ƙas ɗin nan sai ɗan aike ya harba saƙo ta iska zuwa sama. Uwar mita ba ta san hanyar Bauchi ba, ba ta san Farin Gada ba. Ƙirga saƙo kawai take yi, ta ninka shi da tsawon kewayen taya. Iyakar iliminta ke nan.

To a nan matsalar mai araha take. Saƙon da ɗan aikenta ke turawa ba shi da suna, ba shi da hatimi. Uwar mita kamar maigida ne da ke zaune a ɗaki yana ƙirga sau nawa aka ƙwanƙwasa ƙofa, bai leƙa ya ga wanda ke ƙwanƙwasawa ba. Baƙo ya buga, ya ƙirga. Iska ta kaɗa ƙyaure, ya ƙirga. Masu tsada suna sa wa saƙonsu lamba ta musamman, uwar mita ba ta karɓar komai sai mai ɗauke da lambar. Taka kuwa duk wani ƙaiƙayin wutar lantarki da ya yi kama da saƙo, karɓa take yi.

Mu yi lissafi, tunda kai malami ne. Tayar babban keke tana cin wajen mita 2.1 a juyi ɗaya. Mai tafiyar kilomita 20 a awa, tayarsa ba ta cika juyi uku a daƙiƙa ba. Kafin mita ta nuna 99.9 kuwa, saƙo 13 kacal take buƙata a daƙiƙa. Wannan ba komai ba ne a wurin taransifoma da wayoyinta, musamman inda mahaɗin waya ya yi sako-sako yana tartsatsi. Sau da yawa ma 99.9 ɗin iyakar abin da fuskar ke iya rubutawa ne. Sannan duba wannan: idan ka tsaya gaisuwar minti biyu da rabi mita tana ganin kana gudun 99.9, ta ƙara maka sama da kilomita 4 kana tsaye. Tara da huɗu, sha uku. Ina kyautata zaton a nan 13 ɗinka ta fito.

Abin da ya buɗe mini ido a kan wannan ya faru ne a shagona, shekarun baya. Wani yaro ya kawo irin wannan mita yana ƙorafi, na cire uwar na ajiye a kan benci, shi kuma ya tura kekensa ya tafi da niyyar dawowa gobe. Da magariba aka ɗauke wuta, na kunna fitilar caji na ajiye kusa da ita. Can ina tattara sifanoni idona ya kai kan fuskarta, sai na ga lambobi suna tsalle, 38, 61, 74. Babu keke, babu taya, babu maganaɗisu. Na kashe fitila, ta koma sifili. Na kunna, ta ci gaba. Na ja fitilar baya kamar taƙi biyu, ta yi shiru. Washegari na gwada ta da cajar waya mai araha, ita ma haka. Tun daga ranar duk wanda ya kawo mini wannan ƙorafi, tambayar farko da nake masa ita ce: wace fitila ce a kan kekenka?

Kai ma ita zan yi maka, domin mai fita bayan asuba ba ya rasa fitila. Fitilun LED na yanzu, idan ka rage haskensu ko ka sa su a kan ƙyaftawa, yawancinsu kunna kansu suke yi suna kashewa da saurin da ido ba ya gani, kuma wannan kunna-kashe yana fitar da hayaniyar da mita ke ji kamar saƙo. Wani lokaci ta ƙirga shi ta ba ka gudun ƙarya. Wani lokaci kuma hayaniyar ta danne muryar ɗan aike gaba ɗaya, sai ka ga sifili kana cikin tafiya. Ka gwada a tsakar gida: ɗaga taya ka juya, ka kunna fitila a kowane mataki kana kallon fuskar mita. Idan ita ce, ka mayar da fitilar can ƙarshen ɗaya hannun, ko ka ɗaure ta ƙasa, nesa da uwar mita gwargwadon iko. Sau da yawa cikakken haske ya fi ƙyaftawa zaman lafiya da mita. Wayar salula ma kada ka ɗaura ta gefenta, balle tana caji daga fawa bank.

Yanzu maganar 4. Idan mita ta ba ka ƙasa da abin da ka yi, saƙo ne ba ya isa sama. Abu na farko da zan zarga shi ne batir, kuma mutane suna mantawa cewa batir biyu ne, ɗaya a uwar mita, ɗaya a ɗan aike. Na uwar yakan daɗe, fuska tana nuna lambobi fes, sai mutum ya ɗauka komai lafiya, alhali na ƙasan ne ya gaji. Wanda ake sakowa daga kamfani kuma ba a san watannin da ya yi a kwali ba kafin ya iso kasuwar Taminus. Sai ka haɗa da garinmu. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka kusan digiri 10. Sanyi yana rage ƙarfin batir. Wanda ke lallaɓawa da rana tsaka, da asubar hunturu sai ya kasa. Shi ya sa za ka ga mita ta yi shiru a farkon fita, rana ta ɗaga ta farfaɗo, mai ita ya rasa gane kanta.

Yawancinsu batir CR2032 suke ci, mai kama da kwabo, bolt 3. Lambar da kanta tana faɗin girmansa: faɗi milimita 20, kauri 3.2. Ka kula, domin akwai CR2025 da CR2016, faɗinsu ɗaya amma sun fi siranta, kuma na sha buɗe ɗan aike in tarar an sa wa mutum ɗaya daga cikinsu. Yana shiga, yana aiki a shago, amma da ka faɗa rami sai ya girgiza ya saki. Wasu 'yan aiken kuma wani ɗan dogon batir mai bolt 12 suke ci, ana rubuta 23A a jikinsa, don haka ka buɗe ka karanta kafin ka tafi saye. Ka je wurin mai gyaran agogo ko mai gyaran rediyo ya auna maka a gabanka. Sabo lafiyayye yakan nuna sama da 3 kaɗan. Kuma don Allah Malam, tsohon da ka cire kada ka bar shi inda jikoki ke wasa. Idan yaro ya haɗiye irin wannan batir ya maƙale masa a maƙogwaro, yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Abin gaggawa ne na asibiti.

Bayan batir sai tazara. Tsakanin maganaɗisu da ɗan aike kada ya wuce milimita 5, wato kaurin kwabo biyu zuwa uku. Igiyar robar da ake ɗaure ɗan aike da ita takan saki a kan hanyoyinmu, ya ɗan juya, ko wani ya jingina kekensa a kan naka a ƙofar masallaci ya ture shi. Ka yanka tsohon tif ka shimfiɗa a ƙarƙashinsa kafin ka ɗaure, ba zai ƙara zamewa ba. A jikinsa akwai ɗan layi ko ɗigo, daidai nan maganaɗisu zai bi. Idan ya kauce daga alamar, wani lokaci harsunan sukan haɗu sau biyu a juyi ɗaya, sai ka ga gudunka ya ninka kana tafiya a hankali. Ka ɗaura ɗan aike ta gaban ƙafar fok, domin idan sifoki ya taɓa shi ya ture shi waje, maimakon ya ja shi cikin wili ya kayar da kai.

Tsakanin ɗan aike da uwar mita kuma, irin waɗannan ba sa jin juna idan an wuce santimita 60 zuwa 70. Tsofaffin kekunan nan namu masu doguwar wuya da babbar taya suna cinye wannan tazara tun kafin batir ya fara rauni. Ka matsar da ɗan aike sama a jikin fok, ka sa uwar a ɓangare ɗaya da shi, dama da dama ko hagu da hagu. Idan akwai kwandon ƙarfe a gaba, yana iya tare saƙon. Gwajin mai sauƙi ne: cire uwar mita ka riƙe ta kusa da ɗan aike ka juya taya. Idan ta ƙirga a nan amma ta ƙi a mazauninta, tazara ce ko batir. Idan ko a kusa ta ƙi, kuma ba ka jin ƙas ɗin nan, kwalbar ciki ta mutu.

Akwai kuma barci. Da yawa daga cikinsu idan keke ya daɗe a ajiye sai su kwanta don adana batir, kuma ba sa tashi sai an danna maɓalli. Mai fita cikin duhu bai lura ba, sai ya yi rabin tafiya kafin ya taɓa ta.

Ko duk wannan ya daidaita, saura abu ɗaya: an gaya wa mita girman tayarka? Takan zo da wata lamba a ciki daga kamfani, kuma mafi yawan mutane haka suke barin ta. Taya mai rubutun 26 x 1.95 kewayenta wajen milimita 2050 ne, 700 x 25 kuwa 2105. Idan tayarka 2050 ce mita kuma tana lissafi da 2155, kowane kilomita 20 za ta ce maka 21. Ni ba na dogara da jadawalin takardar da ke zuwa da mita. Ka ba taya iska yadda ka saba, ka sa bawul a ƙasa daidai, ka ja layi da alli a siminti. Ka hau, wani ya riƙe ka, ku tafi miƙe har bawul ya sake dawowa ƙasa, a ja layi na biyu. A auna tsakaninsu da tef ɗin magina, na tela ya yi gajere. Abin da ya fito a milimita shi za ka shigar. Ka kuma duba ko tana kan kilomita ko mil, domin mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma canja batir yakan goge saitin duka.

Ra'ayina kuwa ba na ɓoye shi. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, mita mai waya ta fi masa alheri. Araha ba ta ado, amma a nan abin mamakin shi ne mai wayar ta fi araha kuma ta fi gaskiya. Batir ɗaya take ci, ba ruwanta da taransifoma, ba ruwanta da fitila, saƙo yana bin waya ya isa. Samari ne ke ƙin ta wai tana ɓata kwalliyar keke. Idan aka naɗe wayar a jikin wayar birkin gaba, aka bar mata sarari don juya kai, takan yi shekaru. Idan ka gwada abubuwan da na faɗa mako biyu ba ta natsu ba, ka ce wa ɗanka ya canjo maka mai waya, ka yi masa godiya a kan ta farkon, don niyyarsa kyakkyawa ce.

Game da littafinka, ina roƙonka ka ƙara layi ɗaya: mintoci. Ka duba agogon hannunka lokacin fita da lokacin dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya da mintoci take ba da shawara, 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki ga babban mutum, kuma likitanka zai fi gane wannan. A gari mai hawa da gangara kamar namu, kilomita ba ya faɗin wahalar da jiki ya sha. Mai hawa tudu a kan gudun 8 yana haki ya fi mai gangarawa a kan 30 aiki nesa ba kusa ba. Saboda haka lambar kalori da irin wannan mita ke nunawa, kada ka rubuta ta ma, daga gudu kawai take kintata ta. Ka kuma tambayi likita abin da ya kamata ka ci kafin fita da abin da za ka riƙe a aljihu, musamman idan kana shan magani ko allura, saboda suga yana iya faɗuwa a hanya.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ɗalibi ne. Ni da abokina mun sayi mita iri ɗaya rana ɗaya, muna zuwa Bukuru tare ranar Asabar. Idan muna jere sai tawa ta haukace, idan ni kaɗai ne lafiya lau. Kuma a gangara idan na saki birki sai ta ɗauke.

AMSA: Ɗana, mitarka tana jin ɗan aiken abokinka ne, tana haɗa nasa da naka. Iri ɗaya ne, muryarsu ɗaya, ba ta iya bambancewa. Ku bar tazara tsakaninku za ta daina, kuma dama a hanyar Bukuru da motoci da Keke Napep, bin bayan juna ya fi muku jerawa. Idan kuna son tafiya cikin ayari ba tare da wannan ba, sai mai saƙon lamba, irin masu aiki da Bluetooth ko ANT+, waɗanda ake haɗa kowace uwa da ɗan aikenta tun farko.

Ɗaukewa a gangara kuwa, maganaɗisu ne ke wucewa da saurin da harsunan ba sa samun damar haɗuwa. Can kusa da bakin wili ya fi gudu, kusa da cibiya ya fi tafiya a hankali. Ka sauko da maganaɗisu da ɗan aike ƙasa kaɗan, yatsa biyu ko uku, muddin uwar tana ji, ka kuma rage tazarar da ke tsakaninsu. In ba ta yi ba, ka nemi maganaɗisu mai ƙarfi. Amma ka ji ni da kyau: na ga yaran da aka kawo kekensu shago a lanƙwashe saboda suna kallon lamba a gangara suna son su karya ta jiya. Mita tana ajiye gudu mafi girma da kanta, ka duba idan ka tsaya. Idonka a kan hanya, yatsunka a kan birki.

TAMBAYA: Malam, maigidana ne ke hawan keke daga Rikkos zuwa wurin aiki. Mitarsa ta mutu tun ruwan Agusta. Ya ce zai koma amfani da wayarsa. Wayar tana iyawa?

AMSA: Hajiya, tana iyawa. Waya da tauraron ɗan'adam take aiki, wato GPS, ba ruwanta da taya ko maganaɗisu, kuma manhaja irin Strava tana rubuta nisa da lokaci har da hawan da aka yi. A jimillar nisa takan yi daidai sosai. Inda take ɗan rikicewa shi ne gudun nan-take, da lungu mai matsi ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhu. Tana kuma shan caji. Ya kunna ta a ƙofar gida, ya jira ta kama, ya sa a aljihu ko jaka cikin leda, kada ya ɗaura a kan keke inda girgiza da ruwa da idon mutane za su same ta.

Mitar da ta mutu kuma kada ya yar tukuna. Ya buɗe murfin batir na sama da na ƙasa, ya cire batiran, ya shanya uwar mita da ɗan aike a inuwa mai iska kwana biyu. Idan ya ga kore-kore ko fari a ƙarfen da batir ke taɓawa, ya goge da auduga da ɗan sifirit, ya ɗan ɗaga ƙarfen da tsinke don ya riƙa danna batir sosai. Akwai wani siririn zoben roba a bakin murfin, shi ke hana ruwa shiga, kuma yakan faɗi ba a sani ba lokacin canja batir. Idan yana nan, ya shafa masa man basilin kaɗan kafin ya rufe, ya sa sababbin batira, ya sake shigar da girman tayarsa.